Mako Biyun Farfesa

Kwali na goma sha ɗaya ne gindinsa ya ɓalle a hannunmu. Ina riƙe da gefe guda, Auta, ƙaramar 'yar Farfesa, tana riƙe da ɗayan, muna tsakanin ƙofar falo da motar da jami'a ta aiko, sai kawai muka ji hannuwanmu sun yi sakayau, littattafai sun watse a kan siminti. Na durƙusa ina tattarawa ina mita, don tun da safe nake cewa kwalayen nan sun sha danshi, ba wanda ya saurare ni. Daga ƙarƙashin wasu rahotanni masu shuɗin bango wani ƙullin takardu ya gangaro, kaurinsa ya kai na bulo, an sa shi a fayil an ɗaure da igiya.

"Tsaya," in ji Farfesa daga baranda. "Miƙo mini wancan."

Yana zaune a kujerarsa da bargo a gwiwa. Wata uku ke nan da likitoci suka sallamo shi gida, irin sallamar da ba a yi wa murna, don zuciyarsa ce ta gaji. Shi da kansa ya ce a kwashe littattafansa a kai wa sashen da ya koyar, tun yana iya nuna wanda za a ɗauka da wanda za a bari. Na kai masa ƙullin. Ya yi ta kokawa da igiyar, yatsunsa suka kasa, na karɓa na kwance masa. Ya karanta shafin farko, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce wa Auta ta sallami direba da abin da aka riga aka loda, aikin yau ya isa haka.

Shekara ashirin da biyu muna katanga ɗaya da shi. Ni sana'ata ɗinkin littattafai, shagona yana daura da ƙofar jami'a. Da wuya ka ga mai babban digiri a garin nan da kundinsa bai bi ta hannuna ba, amma ban taɓa karanta ko ɗaya ba. Kauri nake dubawa, da ingancin takarda, da ko shafuffukan sun jeru daidai. Farfesa yana kirana Mai Zare, ni kuma a bayan idonsa ina kiransa Mai Jan Biro, saboda ba abin da zai wuce ta gabansa bai gyara ba. Jarida ya gyara, takardar gayyatar taron unguwa ya gyara, har allon shagona ya taɓa tsayawa ya ce waƙafi ya ɓace a layi na biyu.

Kimiyyar siyasa ya koyar. Ya fara tun yana saurayi, ya zama shugaban sashe, ya zama shugaban tsangaya, daga nan gwamnati ta kira shi. Ya yi mai ba da shawara, ya shugabanci kwamitin gyaran ƙananan hukumomi, ya shugabanci na dokokin zaɓe, ya yi jakada shekara huɗu, ya dawo ya sake wasu kwamitoci biyu, kafin ya koma aji ya ƙarasa shekarunsa na aiki. Bangon falonsa cike yake da hotuna, shi da manyan mutane suna musabaha, kowane hoto yana miƙa wani rahoto. Biyu daga cikin rahotannin ni na ɗinke su, kuma ina alfahari da ɗinkin, don har yau ba wanda ya buɗe su da zai sa zare ya saki.

Washegari da hantsi na leƙa gaishe shi, na tarar da ƙullin a kan teburin shayi, da biro ja a gefe. Ya nuna mini kujera.

"Ranar Talata mai aikin ta kawo mini shi," in ji shi. "Na ce ta ba ni mako biyu. Ranar Alhamis aka faɗi sunana a rediyo, gwamnati ta ba ni muƙami."

"Shekara nawa ke nan?"

"Ashirin da bakwai."

Kundin digiri na uku ne, na wata ɗalibarsa, shafi ɗari uku da arba'in, an buga da tafireta. A tsarin jami'a, ɗalibi ba ya zuwa gaban masu jarrabawa sai malamin da ke duba aikinsa ya karanta ya sa hannu. Da zai tafi aikin gwamnati, wanda ya gaje shi a sashe ya roƙe shi ya bar kundin a ba wani malami. Farfesa ya ƙi. Ya ce ɗalibarsa ce, ita ce mafi kaifi da ya taɓa koyarwa, ba wanda zai jagwalgwala masa aikinta, zai karanta a ƙarshen mako. Haka kundin ya bi shi ofishi zuwa ofishi, ya tsallaka teku ya dawo, kullum yana cikin kwalin da za a buɗe gobe. Sau uku ta je ofishinsa, sakatare ya ce ana taro. Farfesa ya ga takardun da ta bari, ya sa a aljihu da niyyar kira. Wa'adin karatunta ya cika, jami'a ta cire sunanta, ita kuma ta daina zuwa. Da ya dawo koyarwa ya nemi kundin sau ɗaya bai gani ba, kuma ya gaya mini gaskiya, a ransa ya ji daɗin rashin ganin.

Na tambaye shi kan me ta yi binciken. Ya juyo mini shafin farko. Ashe rahotannin kwamitocin gwamnati ta bi, guda arba'in, tana neman sanin inda suke ƙarewa bayan an miƙa su an ɗauki hoto. Na kalli bangon falo, na kalli Farfesa, dariya ta ƙwace mini. Shi ma ya yi, har tari ya sarƙe shi, Auta ta fito da gudu ta harare ni.

Abu biyu ya ce yana so. Ya karanta kundin, kuma in nemo masa ita. Auta ta ce likita hutu ya ce, ba gyaran takardu ba. Ya ce mata ya yi hutun shekara ashirin da bakwai a kan wannan aikin, ya isa.

Ban sha wuya ba. Tsohuwar sakatariyar sashen tana nan da ranta, kuma ba ta manta sunan kowa. Ta ce matar tana koyar da darasin gwamnati a wata sakandare can ƙarshen gari, bayan gada. Na same ta a ɗakin malamai lokacin hutun tara, tana duba takardun jarrabawa, mace mai kusan shekara sittin, da tabarau, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwali. Na gaishe ta, na faɗi wanda ya aiko ni. Ba ta ɗago ba sai da ta gama takardar da ke gabanta ta rubuta maki.

"Ya rasu ne?"

Na ce bai rasu ba, amma yana hanya. Na ba ta labarin kwalin. Ta ce nata kwafin gara ta cinye, ta zubar da shi tun shekara goma da suka wuce, kuma ba ta da abin da za ta je yi gidansa. Ta ja wata takardar. Na dawo na gaya wa Farfesa yadda muka yi, ya gyaɗa kai, ya ci gaba da karatu.

Ranar Asabar da safe sai ga ta a bakin ƙofa.

Ta zauna a gefen kujera, jakarta a cinya, ta ce, "Malam, ya jiki?" kamar jiya suka rabu. Na tashi zan ba su wuri, Farfesa ya ce in zauna, yana son shaida. Ya fara magana a tsare, irin yadda yake jawabi, ya ɗauki laifin duka, bai raɓe da sakatare ko da gwamnati ba. Ya nemi gafararta. Sai kuma tsohon hali ya motsa, ya ce shugaban jami'a na yanzu ɗalibinsa ne, zai yi masa magana, za a iya duba yadda za a yi a dawo da sunanta.

"Malam, kada ka kafa mini kwamiti," in ji ta.

Ta ce digiri ya wuce, shekara uku suka rage mata ta yi ritaya, 'ya'yanta sun girma, ba ta neman a kira ta da wani sabon suna. Muryarta ba ta tashi ba, amma na ga yatsunta sun damƙe hannun jakar.

"Abu ɗaya ya kawo ni. Shekara ashirin da bakwai ina zaton ka karanta ne ka ga shirme, ka ji nauyin gaya mini. Shi ya sa ban kai ƙara ba, ban nemi wani malamin ba, ban sake rubuta ko layi ɗaya ba. Aikin yana da kyau ko ba shi da kyau?"

"Ban karanta ba," in ji Farfesa. "Sai makon nan na fara. Ina shafi na casa'in."

Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafinta, ta daɗe tana gogewa. Ni kam na rasa inda zan sa idona. Ya tura mata kundin, ya ce ta ga abin da ya rubuta zuwa yanzu. Ba ta taɓa ba.

"Ba na karɓar rabin aiki, kai ka koya mini haka. Mako biyu ka ce. Zan dawo Asabar ɗin da suka cika."

Ya ce maganar gafarar fa. Ta miƙe, ta ce wannan ma sai ya gama, ta yi mana sallama ta tafi.

Raina ya ɓaci da ita, ba zan ɓoye ba. Mutum yana numfashi da ƙyar, ƙafafunsa sun kumbura kamar an hura, a ce za a sa masa wa'adi. Na faɗa wa Auta haka, ita ma ta ce da ta sani da ba ta buɗe mata ƙofa ba. Amma washegari, kafin in gama karyawa, na jiyo muryarsa ta kan katanga yana kiran Mai Zare. Na tarar ya yi aski, ya sa riga mai guga, ya lissafa abin da ya rage ya raba shi da kwanaki, shafi goma sha takwas kowace rana. Ya aike ni in sayo jan biro guda uku, kuma in gwada su a shagon kafin in biya.

Haka muka shiga aiki. Daga ƙarfe takwas zuwa sha ɗaya, lokacin da ƙarfinsa ke nan, yana baranda da gilashin ƙara girman rubutu. Wanda ya buga kundin ya yi rowar gefe, bai bar fili ko na yatsa biyu ba, don haka Farfesa yakan cika gefen, ya juya takardar ya bi ta sama, ya gangaro har bakin bakinta. Na ce masa in da za a kawo mini wannan ɗinki da na yi faɗa. Mu in mun ɗinke littafi, sai mu sa shi a injin datsa, wuƙa ta yanke gefe uku su yi sumul, kuma duk abin da aka rubuta a baki-baki wuƙar ke cinyewa. Ya ce in ji da zarena, shi ya ji da birorinsa.

A rana ta shida idanunsa suka fara gajiya tun kafin ƙarfe tara. Daga nan ni nake karanta masa a bayyane, in ya ɗaga yatsa in tsaya in miƙa masa shafin. Wannan ne kundi na farko da na karanta a rayuwata, ina tuntuɓe da manyan kalmomi yana gyara mini. Hannunsa ya soma rawa, na ce ya faɗa in rubuta masa. Ya ce a'a, rubutun hannunsa ɗalibar ta sani.

Yana gardama da ita kamar tana zaune a gabansa. Zai ce, a'a, a'a, ina hujjar wannan, ya rubuta tambaya a gefe. In na juya shafi sai ga hujjar, da teburi da lambobi. Sai ya jingina ya ce, "Ta kama ni," ya sa in dawo masa da shafin baya ya soke tambayar. Wani lokacin kuma ya ƙi sokewa, ya ce nan kam ta yi gaggawa. A babi na biyar ta lissafa hanyoyin da rahoto ke mutuwa. Ta ce wadda ta fi kowace sauƙi ita ce a yaba wa shugaban kwamitin, a ba shi sabon muƙami mai nisa kafin ya fara tambayar ina aka kwana. Na karanta masa wannan. Na ɗago na ga yana kallon hoton da aka ɗauka mako uku kafin a tura shi jakada. Ranar shafi ɗaya ya ci masa kusan awa guda yana rubutu.

A rana ta tara bai iya fitowa baranda ba, muka koma ɗakinsa, Auta ta jera masa matasai a baya. Na ga yadda leɓɓansa suka canza launi, tsoro ya kama ni. Na ce, Farfesa, matar nan tambaya ɗaya ta yi. Ka tsallaka zuwa shafin ƙarshe, ka rubuta mata amsar yanzu, ka sa hannu, sannan mu dawo mu ci gaba a hankali.

"Mai Zare, shekara arba'in ban taɓa yanke wa aiki hukunci ban ga ƙarshensa ba."

"Ai ka san yana da kyau."

"Na san shafi ɗari biyu da tamanin suna da kyau. Wasu a kammalawa suke ɓata komai. In na rubuta ban karanta ba, na sake yi mata abin da na yi mata."

Na yi masa magiya, har na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi masa ba. Ya ce in karanta, lokaci na tafiya.

Ranar Laraba, kwana goma sha ɗaya da zuwanta, muna shafi na ɗari uku da ashirin da biyu ya ɗaga yatsa. Na miƙa masa. Ya rubuta kalma biyu ko uku, ya ce zai ɗan huta idonsa, in sa alama inda muka tsaya. Na je kicin in karɓo masa ruwan ɗumi wurin Auta. Da muka dawo biron yana kan bargo, ya yi ɗan jan tabo a inda bakinsa ya taɓa. Auta ta ajiye kofin a ƙasa a hankali, ta ce, "Baba," sau ɗaya.

Jama'a sun zo jana'izarsa da yawa. Motoci suka cika layinmu har bakin titi, aka yi ta jawabai kan hidimar da ya yi wa ƙasa, jaridu suka lissafa muƙamansa, ɗaya ma ta yi kuskure a shekarar da ya zama farfesa, na kama kaina ina neman jan biro. Ban ga matar a cikin taron ba. Kundin na ɗauke na kai gidana, don kada masu gyaran ɗaki su haɗa shi da tsofaffin jaridu.

Ranar Asabar da safe ta zo, kamar yadda ta ce. Ta riga ta ji a rediyo. Ta yi wa Auta ta'aziyya, sannan na kawo mata ƙullin a baranda. Ta kwance igiyar, ta juya shi kai tsaye zuwa shafin ƙarshe. Fari ne tas, babu ko ɗigon ja. Na fara bayani, na ce saura shafi goma sha takwas, na ce na roƙe shi ya ƙi, na ce amma da bakinsa ya gaya mini aikin yana da kyau.

"Na gode, Baba," in ji ta. "Ba daga bakinka nake son ji ba."

Ta koma shafin farko. Ta zauna a kujerarsa, don ita ce kusa da haske, ta fara bin gefen takardun ɗaya bayan ɗaya, tana juya su yadda ya juya. Auta ta kawo shayi ya huce. Na je shago na dawo bayan azahar, tana nan. Ta kai babi na biyar, shafin da ya ci masa awa guda. Na san abin da ke ciki, don na gani lokacin da nake mayar da shi. Ya rubuta cewa shi ne misali na arba'in da ɗaya, cewa ta san wannan tun tana da shekara talatin, shi kuma sai da ya tsufa, kuma da ya karanta babin nan a makon da ta kawo shi, da bai hau jirgin tafiya jakadanci ba. Ta karanta, ta kife shafin a ƙirjinta, ta kalli titi na ɗan lokaci. Sannan ta ci gaba.

Can gaba na ji ta yi tsaki ƙasa-ƙasa. Ta buga wani wuri da yatsa ta ce, "A'a, Malam, nan kam ba ka yi daidai ba, ai na amsa wannan a babi na biyu." Tana faɗa hawaye na bin gefen tabaran. Ta share, ta ce Allah ya jiƙan Malam. Ban tambaye ta maganar gafarar ba, ba hurumina ba ne.

Da za ta tafi ta daidaita takardun a gwiwarta, ta miƙo mini. Ta ce ta ji ni ne mai ɗinki, tana so in ɗinke mata shi.

Kwana biyu na yi a kansa. Na huda, na ɗinke da zare mai kauri, na shafa gam a gadon bayansa, na yanko baƙin bango irin wanda ake yi wa kundin digiri na uku. Da na zo wurin injin datsa na sa shi a ciki, na daidaita, na ɗora hannu a kan mariƙin wuƙar saboda sabo. Na tsaya, na zare shi.

Shi ne kaɗai littafin da zai fita daga shagona gefensa bai yi sumul ba. Yana kan kantar shagon yana jiran ta zo ta ɗauka, na ɗora masa ƙarfe don gam ya kama. In ka dube shi ta gefe a rufe, za ka ga ja ya ɗiɗɗiga a bakin takardun tun daga sama, yana ƙaruwa a tsakiya, sai can ƙasa wani ɗan siririn layi fari.